Ɗaurin Zafi: Yadda Ake Yi wa Takardun Kasuwanci Bango

Ɗaurin zafi hanya ce ta haɗa fallayen takarda su zama littafi guda ba tare da an huda su ko an ɗinke su ba. Ana zuba takardun a cikin bango wanda aka riga aka shimfiɗa wa busasshen gam a gadon bayansa, a ɗora bangon a kan na'ura mai ɗumamawa, gam ɗin ya narke ya kama bakin kowane falle, sannan a sauke shi ya huce ya daskare. A kan wannan ɗauri bayanin nan zai tsaya, musamman yadda ake amfani da shi wajen takardun kasuwanci: takardar neman kwangila, rahoton binciken kuɗi na ƙarshen shekara, tsarin kasuwancin da ake kai wa banki don neman rance, yarjejeniya tsakanin kamfanoni, da kundin da kamfani ke gabatar da kansa a ciki.

Irin waɗannan takardu suna da hali guda. Sukan bar hannun mai su, su shiga hannun mutanen da ba su san shi ba, su yi yawo daga tebur zuwa tebur, wani lokaci daga gari zuwa gari. Shafi guda da ya zame ya faɗi a hanya na iya zama shafin da farashi yake, ko wanda aka sa wa hannu. Malaman ƙasar Hausa da Barno na da can ba sa ɗinke littattafansu. Fallaye suke barinsu a cikin tadarishi, a saka a gafaka, kuma a ƙasan shafi sukan rubuta kalmar da shafi na gaba zai fara da ita domin kada jeri ya rikice. Wannan ya wadatar ga littafin da mai shi ke tattalinsa da hannunsa. Takardar da za ta ratsa ofis uku ko huɗu ba ta samun wannan tattali, don haka sai an ɗaure ta.

A shagunan fotokofi da buga takardu an fi sabawa da ɗaurin huji, inda ake huda gefen takardu a zura musu roba mai haƙora ko waya mai murɗe. Yana da araha, kuma littafin yakan buɗe ya kwanta shimfiɗe a kan tebur. Sai dai hujin yana cin gefen takarda, robar tana karyewa ko ta maƙale da wasu takardu a cikin jaka, kuma ba a iya rubuta suna a gadon bayan littafin. Akwai kuma ɗinki da bango mai kauri irin na kundin kammala digiri, wanda ya fi kowanne ƙarko amma yana cin lokaci da kuɗi. Ɗaurin zafi yana tsakanin biyun. Yana fitar da takarda da siffar littafin da aka saya a kanti, mai miƙaƙƙen gadon baya, a cikin 'yan mintuna.

Duk sirrin aikin yana cikin bangon. Wanda aka fi samu a kasuwa, fuskarsa roba ce garai-garai da ake hango shafin farko ta cikinta, bayansa kwali ne mai ɗan kauri, tsakaninsu kuma akwai kwarin da aka kwantar da gam. Galibi gam ɗin na wani nau'in roba ne da ake kira EVA. A yanayin ɗaki yana da tauri kuma ba ya kama komai. Idan ya ji zafin da ya haura digiri 100 sai ya zama ruwa mai kauri, idan ya huce ya koma yadda yake. Wasu bangunan ana saƙa musu siririn ƙyalle a cikin gam ɗin domin ƙarin ƙarfi. Akwai kamfanonin da suka bi tasu hanya. Unibind na ƙasar Beljiyam yana yin bango mai gadon bayan ƙarfe, ƙarfen ne ke ɗaukar zafi ya narkar da gam, kuma shi ke riƙe takardun bayan ya huce. Fastback na Amurka kuwa ba bango yake amfani da shi ba, wani tsiri ne mai gam da na'ura ke naɗewa a gadon bayan takardun. Abin kula a nan shi ne, kayan irin waɗannan kamfanoni sun fi aiki da na'urarsu, don haka bangon wani ba lallai ya ɗauru da kyau a na'urar wani ba.

Ita na'urar ba ta da wani sarƙaƙiya. Faranti ne mai zafi a ƙasan wani rami, da ƙarafa biyu masu riƙe takardun a tsaye, da agogon da ke ƙara idan lokaci ya cika. Aikinta bai wuce na dutsen guga da aka kwantar da shi yana kallon sama ba. A jikin yawancinsu akwai ma'aunin kaurin takardu, da kuma wani ɗan mazauni a baya inda ake jingine littafi ya huce. Girmansu ya bambanta gwargwadon faɗin ramin. A cikin na'urorin kamfanin Fellowes, misali, Helios 30 tana ɗaukar kaurin milimita 30, wato kimanin falle 300, Helios 60 kuma ninki biyun haka. Tun da ramin faɗi gare shi, ana iya jera ƙananan littattafai da yawa a ɗaure su a zama ɗaya, kuma a nan ne ɗaurin zafi yake yi wa ɗaurin huji fintinkau idan kwafi ya yi yawa.

Mataki na farko, kuma wanda ya fi yawan ɓata aiki, shi ne zaɓen girman bango. Ana sayar da bangunan ne bisa faɗin gadon bayansu: milimita ɗaya da rabi, 3, 4, 6, 8, 10, 12, har zuwa manya. Lissafin yana da sauƙin riƙewa. Takardar ofis ta yau da kullum, wadda aka rubuta wa giram 80 a jikin kwalinta, kaurin falle guda kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Falle 10 ke nan suke ba da milimita 1, falle 60 su ba da milimita 6, rim guda mai falle 500 kuma ya kai wajen santimita 5. A lura cewa falle ake ƙirgawa, ba shafi ba. Rahoto mai shafi 80 da aka buga gaba da baya falle 40 ne, bangon milimita 4 yake buƙata. Idan takardar ta fi giram 80 nauyi, ko an saka kwalayen raba babi a tsakani, lissafin ya canza, gara a auna da ma'aunin jikin na'ura.

Kuskure a nan yana zuwa ta fuska biyu. Idan bangon ya yi kaɗan, za a cusa takardun da ƙarfi, na gefe su maƙale a jikin kwarin ba su kai ga gam ba, kuma su ne shafin farko da na ƙarshe, waɗanda kowa ya fi taɓawa. Idan bangon ya yi yawa, takardun za su kishingiɗa gefe guda, gam ya taru a inda babu komai, littafin ya fito a karkace da gadon baya mai lotsewa. Wanda ya dace shi ne wanda takardun suka zauna a ciki ba matsi, ba kuma wasa. Shagon da ke ajiye girma biyu ko uku kawai yana tilasta wa kowace takarda shiga cikinsu, ba zai daina samun ƙorafin masu kawo aiki ba.

Bayan bango sai shirya takardun kansu, kuma a nan ya kamata a fi ɓata lokaci. A ɗaurin zafi babu abin da ke riƙe falle sai siririn bakinsa da ya nutse cikin gam. Fallen da ya ɗaga sama da rabin milimita kawai daga sauran, gam bai taɓa shi ba, maƙwabtansa ne ke riƙe da shi, kuma ranar da aka buɗe littafin a wurin zai zame. Saboda haka ake kaɗa takardun tukuna, a lanƙwasa su a saki domin iska ta shiga tsakaninsu, sannan a buga bakin da za a ɗaure a kan tebur sau da dama har ya daidaita sumul. Takardun da suka fito daga firinta yanzu-yanzu suna da ɗumi, suna lanƙwashe, suna kuma manne wa juna. A bar su su huce kafin a taɓa su. A cire duk wata ƙusar sitefila da kilif. Takardun da aka haɗa da ƙusa ba sa zama daidai da sauran, ƙusar kuma tana hana gam ratsawa.

Tun a kwamfuta ake fara wannan shiri. Ɗaurin yana cinye 'yan milimitoci a gefe, kuma littafin ba ya buɗewa har ƙarshe, don haka a bar fili a gefen ɗauri, kamar santimita biyu da rabi zuwa uku. Wannan ya fi muhimmanci ga jadawalin lissafi, inda lambobin layin farko kan ɓuya a cikin kwari. Idan an buga gaba da baya, filin ya riƙa sauya gefe: hagu a shafin gaba, dama a shafin baya. Takardar da aka rubuta da Larabci ko ajami kuwa ta dama ake ɗaure ta, sai a juya bango yadda ya dace kafin a zuba.

Ba kowace takarda ce gam ke so ba. Yana kama takardar ofis ta gari da kyau domin yana shiga cikin zaruruwanta. Takarda mai sheƙi, irin ta hotuna da ƙasidun talla, an shafe fuskarta da abin da ke toshe waɗannan zaruruwa, sai gam ya zauna a sama bai shiga ba. Haka ma shafin da aka cika da launi har baki: garin tawada gam ɗin yake kamawa maimakon takarda, wasu firintocin launi kuma suna barin ɗan maiƙo a fuskar shafi. Maganin shi ne a bar farin layi marar bugu a gefen ɗauri, a kuma rage yawan takarda mai sheƙi a cikin littafi guda. Akwai kuma batun jijiyar takarda. Zaruruwan kowace takarda suna kwance ta fuska guda, kuma ta wannan fuskar ta fi saurin lanƙwasuwa. Idan jijiyar ta bi tsawon gadon baya, shafuka suna juyawa da laushi. Idan ta gitta, littafin yakan yi taurin buɗewa, ya riƙa yin kunya-kunya a gefe. Takardar A4 ta ofis galibi jijiyarta a tsaye take, ta dace. Matsalar takan taso ne idan an yanka babbar takarda biyu aka yi littafi da ita.

Wata takarda da ba a kusantar da ita ga wannan na'ura ko kaɗan ita ce ta rasit ɗin POS da na injin cirar kuɗi. Ba tawada ce a jikinta ba, zafi ne ke fito da rubutunta, saboda haka idan ta ji zafi sai ta yi baƙi ƙirin, shaidar biya ta tafi. Ko babu na'ura ma rubutunta yana dushewa da kansa. Wanda zai haɗa shaidar biyan kuɗi a cikin kundi ya yi fotokofinta ya ɗaure kwafin, ya adana ta asalin daban.

Ɗaurin kansa gajere ne. A kunna na'ura a jira ta nuna ta yi zafi, abin da ke ɗaukar 'yan mintuna. A zuba takardun a bango, a tabbata suna tsakiya, ba su leƙo ta sama ko ta ƙasa ba, a kuma duba cewa shafin farko bai manne a jikin robar fuska ya ɗage ba, domin hakan yana yawan faruwa. A saka littafin da gadon bayansa a ƙasa. Ƙaramin littafi yakan ɗauki kamar minti ɗaya, mai kauri ya kai biyu ko uku. Da na'ura ta yi ƙara, a ɗauko shi ta sama, kada a taɓa gadon bayan domin yana ƙuna, a ɗan buga shi a kan tebur sau biyu ko uku tun gam yana ruwa, domin fallayen su ƙara nutsewa. Daga nan a tsayar da shi a mazaunin hucewa, gadon baya a ƙasa.

Hucewar nan rabin aikin ce, kuma ita ce gaggawa ta fi ci. Mai takarda yana tsaye a kai, lokacin rufe karɓar takardu yana matsowa, sai a miƙa masa littafi da zafinsa, shi kuma ya buɗe ya duba ko ya yi kyau. A wannan buɗewa ɗaurin yake lalacewa, domin gam bai daskare ba, fallayen suka motsa. A ba shi aƙalla minti biyar, mai kauri a ba shi goma ko fiye, har gadon bayan ya yi sanyi a hannu. Bayan nan a gwada shi: a riƙe bangon biyu a girgiza a hankali, a ɗan ja falle na farko, na ƙarshe, da biyu ko uku daga tsakiya. Idan wani ya motsa, a mayar da littafin na'ura, gam zai sake narkewa ya kama shi. Ana iya yin haka sau ɗaya ko biyu. Fiye da haka gam yana sirancewa, gara a sauya bango.

Yanayin ƙasa yana da hannu a ƙarkon ɗaurin, kuma masu aiki a Arewacin Najeriya da Nijar sun fi kowa buƙatar sanin wannan. Abin da zafi ya ɗaure, zafi na iya kwance shi. A watannin Maris zuwa Mayu, a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, zafin rana yana haura digiri 40, cikin motar da aka rufe aka bari a rana kuma yana iya wuce digiri 60. Gam ba zai zama ruwa a haka ba, amma yana laushi, kuma littafi mai nauyi da aka yasar a gaban mota zai karkace, fallayensa su fara zamewa. Robar fuska ma tana da nata hali: idan ta daɗe manne da shafin da aka buga da garin tawada, musamman a zafi, rubutun yakan tashi ya koma jikinta. Ana kauce wa wannan ta hanyar ajiye littafin a inuwa, ba a ƙarƙashin kaya masu nauyi ba. Da damina takarda tana shan danshi ta kumbura, don haka a bar rim a cikin ledarsa sai an zo amfani. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Idan ta kwanta a kan gam ɗin bangon da aka bari a buɗe, tana rage kamunsa.

Akwai wata fahimta da ke buƙatar gyara. Mutane da yawa suna ɗauka cewa takardar da aka ɗaure da zafi ba a iya taɓa ta. Gaskiya ne wanda ya yage shafi zai bar alama, kuma ya fi ɗaurin roba mai haƙora tsaro, wanda ake buɗewa da yatsa. Amma duk mai na'ura yana iya ɗumama littafin, ya zare falle, ya saka wani. Wannan alheri ne ga mai gyaran kuskure, haɗari ne ga yarjejeniya. Abin da ke tsare takarda shi ne a sa wa kowane shafi lamba tare da jimillar shafuka, kamar a ce shafi na 7 cikin 40, ɓangarorin da suka ƙulla yarjejeniya su sa gajeren hannu a kowane shafi, kowa kuma ya riƙe nasa kwafi.

A harkar neman kwangila, umarnin mai karɓar takardu shi ne gaba da komai. A Najeriya, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ce ta tsara yadda ma'aikatun tarayya ke karɓar tayin 'yan kwangila, kuma kowace sanarwa takan faɗi yadda ake son takardun: kwafi nawa, wane ne na asali, ko za a raba bayanin aiki da na farashi a ambulan daban-daban. A karanta wannan kafin a kunna na'ura. Wasu ofisoshin ma sun fi son takardu a sake domin za su zura su a na'urar ɗaukar hoto. Takardun asali kuwa, irin su shaidar rajistar kamfani, shaidar biyan haraji da takardar mallakar fili, ba a ɗaure su sam. Gam yana cin bakinsu, kuma ba a raba su da shi ba tare da rauni ba. Kwafinsu ake sakawa.

Inda ɗaurin zafi bai dace ba shi ne littafin da ake buɗewa kullum a aje shi shimfiɗe: littafin koyar da ma'aikata, jerin farashin da ke sauyawa, littafin shige da ficen kaya. Ba ya kwanciya, kuma duk wanda ya danne shi da ƙarfi domin yin fotokofi yana iya karya gadon bayan. Waɗannan ɗaurin waya ko fayil mai zobe ya fi musu. Kundin da ake son ya shekara da yawa a ma'adana ɗinki ya fi masa, domin gam yana bushewa ya yi gautsi idan ya tsufa. Manyan maɗaba'u suna da wani gam mai suna PUR wanda ya fi jure zafi da sanyi, ya kuma fi kama takarda mai sheƙi, amma ba ya sake narkewa, kuma ba na na'urar kan tebur ba ne.

Ga mai niyyar sayen na'ura, farashinta ba shi ne babban abin dubawa ba. Kuɗin yana tafiya ne a bango, wanda ya fi robar ɗaurin huji tsada, don haka a fara tabbatar da cewa ana samun bangon da take ci a kusa, kuma da girma daban-daban. A duba girman bangon ma. Takardar A4 da ake amfani da ita a Najeriya, Nijar, Gana da Kamaru faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297, ita kuwa takardar ofis ta Amurka ta fi faɗi kaɗan, ta kuma fi gajarta, 216 da 279. Bangon da aka yi don Amurka zai bar kan takardar A4 a waje. Haka zancen wuta: na'urar da aka ƙera don Amurka ta bolt 120 ce, wutar Najeriya da Nijar kuwa tsakanin 220 da 230 take, kuma jona ta kai tsaye ƙonewa ne. Mai sayen ta hannu ya karanta rubutun da ke ƙasanta kafin ya biya. Idan wuta ta yi ƙasa, ko ƙaramin janareta yana ɗauke da kaya da yawa, farantin ba ya kai zafin da ake so, agogo zai yi ƙara alhali gam bai gama narkewa ba. A irin wannan hali a rage wa janareta kaya, a ƙara wa littafin zagaye guda.

Kula da na'urar bai da yawa. A kashe ta idan an gama, a bar ta ta huce kafin a goge gam ɗin da ya ɗiga a kan faranti, kada a kankare shi da ƙarfe, a rufe ta saboda ƙura, a kuma nisanta ta da hannun yara. Kafin a ɗaure takardar da ba ta da madadi, a fara gwaji da fallayen banza masu yawa da nauyi iri ɗaya, a cikin bango irin wanda za a yi amfani da shi.